Bin Hannun Gwani: Jagorar Koyon Zanen Fuska

Yawancin samarin da ke kawo mini zanensu daga Rabah, Wurno da Goronyo da fuskar mutum ɗaya suke fara gwada hannu, wato Sardauna Ahmadu Bello. Ba abin mamaki ba ne. A Rabah aka haife shi, ya riƙe hakimcinta tun daga 1934, kuma tun shekarar 2000 fuskarsa tana aljihun kowa a jikin takardar naira 200. Abin da ke damuna shi ne kuskuren nasu iri ɗaya ne. Yaro zai ɗora takarda a kan gilashin waya ya bi layi. Zai fara da ido, ya ƙawata shi da gashi ɗai-ɗai, sannan ya gangaro hanci, kafin ya kai haɓa fuska ta karkace ko takarda ta ƙare. Rawani ya bar shi fari fat, fata kuwa ya shafe ta da ruwan ƙasa guda tun daga goshi har wuya. A ƙarshe a sami rawani da babbar riga, amma babu Sardauna a ciki.

Maganin wannan tsohuwar hanya ce: ka zaɓi aikin wani gwani da ya riga ka, ka sake yin sa da hannunka tun daga tushe. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ta, domin malam ne ke fara rubuta wa yaro, yaro ya yi ta bin hannunsa har ranar da zai riƙe alƙalami shi kaɗai. Aina Onabolu, ɗan Ijebu-Ode da aka haifa a 1882, wanda ake ɗauka uban zanen zamani a Nijeriya, da kwafar hotunan mujallu da littattafai ya koyar da kansa, tun kafin ya tafi karatu Landan a 1920. Mai zane Rubens ya riga ya yi suna lokacin da ya zauna a Madrid a 1628 yana kwafar ayyukan magabacinsa Titian. Abin da ake nema a wannan hanya shi ne tsarin aikin gwanin: me ya fara sawa, me ya bari sai ƙarshe, me ya ƙi zanawa sam. Hoton waya ba zai koya maka wannan ba, don kyamara ba ta zaɓe, komai ta gani kwashewa take yi.

Kafin mu shiga aiki, akwai maganar da ba a tsallake ta a ƙasar Shehu. Malamai sun yi saɓani a kan surar abu mai rai. Littattafan Malikiyya suna bambanta sura mai jiki mai inuwa, irin gunki, da zanen da ke kwance a takarda ko ƙyalle, sun tsananta a ta farko sun sassauta a ta biyu, wasu malaman kuma sun hana duka. Ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa, ka shiga aiki da natsuwar zuciya. Annabawa da sahabbai kuwa babu mai kusantar zana su.

Kayan aiki

Fensir HB da 2B da 6B, kilina, rula, da gawayi mai laushi. Takarda mai kauri. Katakon filawud sirara wanda bai wuce tsawon kamu ɗaya ba, da samfefa, da farin fentin imoshan, da farin gam na kafinta. Buroshi huɗu sun isa: biyu masu faɗin baki, babba da matsakaici, ɗaya mai zagayen baki, ɗaya siriri. Gilashi ko farantin tangaran don haɗa launi, tsumma, ƙaramin madubi, da farar takarda da ka huda ƙaramin rami a tsakiyarta.

Launi huɗu kawai nake so ka saya: fari, baƙi, ja, da rawaya mai kalar ƙasa wadda ake rubuta ochre a jikin bututunta. Mai zanen Suwidin nan Anders Zorn, wanda ya rasu a 1920, ya shahara da fitar da fata da waɗannan huɗun. Wanda ya sayi launi 24 tun bai iya haɗa biyu ba, ruɗewa zai yi. Takarda, fensir, katako da imoshan ana samun su a Babbar Kasuwar Sakkwato. Fentin bututu na masu zane wani lokaci sai an yi saƙo Kano ko Zariya. Idan fentin mai za ka yi amfani da shi, kana buƙatar man linsid da tafentin. Kada ka maye gurbinsa da man gyaɗa, ba ya bushewa, aikin zai zauna da danƙo yana tara ƙura har ya lalace.

Wurin aiki ya zama zaure ko ɗaki mai haske daga gefe ɗaya, mai iska. Tururin tafentin da kananzir a rufaffen ɗaki yana sa ciwon kai da jiri. Tsumman da ya sha man linsid, idan aka dunƙule shi aka jefa a lungu, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa, musamman a bazarar nan tamu da zafi ke wuce digiri 40; ka shanya shi a buɗe ko ka jiƙa shi a ruwa. Wasu fararen fenti suna da dalma, wasu jajaye suna da sinadarin kadmiyom, duka guba ne. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara mun san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a 2010. Kada ka lashi bakin buroshi don ya yi tsini, ka wanke hannu kafin cin abinci, ka ɗaga kaya inda ƙannenka ba za su kai ba.

1. Zaɓen aikin da za ka bi

Ka nemi zanen kai da kafaɗa, mutum ɗaya, haske daga gefe ɗaya, baya mai duhu marar tarkace. Guda biyu nake ba masu koyo.

Na farko zanen Ayuba Suleiman Diallo ne, wanda William Hoare ya yi a Ingila a 1733. Ayuba Bafulatani ne ɗan gidan malamai daga Bundu, cikin Senegal ta yanzu. An kama shi aka sayar da shi bawa zuwa Maryland ta Amurka, ya kuɓuta ta hanyar iliminsa, ya bi ta Landan ya koma gida a 1734. Shi ya nemi a zana shi da tufafin ƙasarsu. Za ka gan shi da farar riga, da rawani, da littafi mai jan bango rataye a ƙirji. Duk abin da zai ba ka wahala in ka zo zana dattijon Wurno yana cikin wannan aiki: baƙar fata kusa da farin yadi, da rawanin da ya ɓoye tsakar kai.

Na biyu zanen Juan de Pareja ne, aikin Velázquez na ƙasar Sifen, wanda ya yi a birnin Rum a 1650. Yana gidan tarihi na Metropolitan a New York, kuma sun saka hotonsa mai inganci a intanet kyauta. Ya fi na farko wuya, ka bar shi ya zama na biyu.

Takardar naira 200 tana da amfani ga aikin fensir kawai. Ka dube ta da kyau, za ka ga an gina fuskar da siraran layuka, suna kauri suna matsuwa inda duhu yake, suna sirancewa inda haske yake, kuma suna lanƙwasa suna bin tudun kunci. Fuskar kaɗai za ka zana, babba. Kwaikwayon takardar kuɗin kanta laifi ne a doka. Sannan ka guji hotunan da ke yawo a waya da sunan Shehu Usmanu ko Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bello ya rasu a Wurno a 1837, ba a bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto ba sai 1839. Babu kyamarar da ta gan su.

Idan ka zaɓa, ka sauke hoton daga shafin gidan tarihin da ke riƙe da aikin. Wanda ya bi ta WhatsApp an matse shi, duhunsa ya cure wuri ɗaya. Ka buga shi a takarda kashi biyu, mai launi da baƙi da fari. Gilashin waya haske yake fitarwa, fenti kuwa ba ya haske da kansa, don haka mai bin waya kullum launinsa yana fita da kaifi fiye da kima.

2. Kallo

Ka manna hoton a bango ka ja baya taku uku. Ka ƙanƙance idanunka har ƙananan abubuwa su ɓace. Abin da ya rage shi ne ginin aikin: ɓangaren haske, ɓangaren inuwa, da tsaka-tsaki. Ka zana wannan a fili kamar girman kwalin ashana, da kala uku kacal, ba ido ba baki. Idan ɗan wannan zane ya yi kama da mutumin daga nesa, ka gane abin da nake nufi: kama tana cikin siffar inuwa. Shi ya sa kake gane ɗan'uwanka daga nesa a kan hanyar fadama tun ba ka ga ƙwayar idonsa ba.

3. Awo

Nan ne aka fi gaggawa, nan ne kuma aiki ke mutuwa. Ka fara sa alama huɗu: saman rawani, ƙarshen haɓa, gefen dama, gefen hagu. Ka miƙe hannu sosai riƙe da fensir, ka rufe ido ɗaya, ka auna faɗin fuska, ka ga sau nawa ya shiga tsawonta. Gwiwar hannu in ta lanƙwashe awo ya canja.

A yawancin mutane ido yana tsakiyar kai, tsakanin tsakar ka da haɓa. Tazarar ido da ido kusan faɗin ido ɗaya ce. Gindin hanci yana wajen rabin tsakanin gira da haɓa. Wannan ma'auni ne na gwadawa, domin inda mutum ya saɓa masa nan kamarsa take. Rawani yana yaudara: mai koyo yakan ɗauka goshi ya ƙare inda yadi ya fara, sai ya tura ido sama, ya bar kai babu ƙoƙo. Ka zana ƙoƙon kan gaba ɗaya da layi mai rauni, sannan ka naɗa masa rawani a kai. Idan fuskar ta ɗan juya, idon da ke nesa ya fi na kusa ƙanƙanta, rabin bakin da ke can ya fi gajarta. Hankali zai ce maka daidai suke. Ka yarda da fensir.

Ka yi amfani da miƙaƙƙun layuka gajeru, lanƙwasa ta biyo baya, don kuskuren kusurwa ya fi saurin bayyana a miƙaƙƙen layi. Raba hoto gida-gida da rula ba laifi ba ne a aikin farko, amma gidajen su zama manya, kuma ka rabu da su da wuri. Ɗora takarda a bi layi kuwa ban yarda da shi ba ko sau ɗaya. Hannu yana motsi, ido yana barci.

4. Shirya katako

Ka goge filawud da samfefa, ka shafa imoshan da aka haɗa da ɗan gam sau biyu ko uku, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Bayan katakon ma ka shafa, in ba haka ba zai lanƙwashe da damina. Daga nan ka kashe farin da tsinkakken ruwan ƙasa, ka goge da tsumma. A kan farin fili kowane launi duhu yake yi wa ido, sai ka yi ta ƙara fari har fuska ta koɗe. Idan ya bushe ka mayar da zanenka a kai da gawayi.

5. Haske da inuwa da launi ɗaya

Ka haɗa baƙi da ja da ɗan rawaya su ba ka ruwan ƙasa mai duhu, ka tsinka shi. Da babban buroshi ka cike bayan hoto da duk inda inuwa take: kwarmin ido, gefen hanci, ƙarƙashin leɓen ƙasa, ƙarƙashin haɓa, inuwar da rawani ya jefa a goshi. Ka haɗe su su zama siffa ɗaya inda suka haɗu a aikin gwanin. Inda haske yake ka ɗauke fenti da tsumma. Takardar baƙi da fari ita ce abokiyar aikinka a nan, ka kife mai launin.

Kada ka wuce wannan mataki sai wanda ya shigo zaure ya gane mutumin. Launi ba ya gyara ginin da ya karkace, ɓoye shi yake yi na ɗan lokaci.

6. Launin fata da farin yadi

Ka haɗa tuli biyar a kan gilashi kafin ka taɓa katako, daga mafi duhu zuwa mafi haske. Tushen duka ja ne da rawaya da ɗan baƙi. Babban kuskure a fatar baƙin mutum shi ne neman haske da fari zalla. Sai fuska ta yi furu-furu, ta zama toka. Duk lokacin da ka ƙara fari ka bi shi da ɗan rawaya da ja, don jini ya zauna a fatar. Kunci da hanci da kunne sun fi goshi ja. Wajen gemu da muƙamuƙi launi yakan yi sanyi, kuma baƙi da rawaya suna ba da wani kore-kore da ya dace da nan. Sheƙin da ke kan goshi da karan hanci wani abu ne dabam: hasken sama ne fata ke mayarwa, shi ya sa yake da sanyi, baƙi da fari kawai za su ba ka shi. Ɗan kaɗan ne, kuma a ƙarshe ake sa shi.

Yanzu ɗauko takardar nan mai rami. Ka ɗora ta a kan rawanin Ayuba, ka leƙa. Abin da kake rantsuwa fari ne za ka tarar toka-toka ne, wani wurin da ɗan rawaya, wani wurin duhunsa ya kusa na fata. Farin gaske bai wuce wurare ƙalilan ba a duk aikin. Ka yi wa kunci da wuya haka, kana gwada abin da ka gani da tulin da ka haɗa. Ka lura kuma da hasken da farar riga ke turawa ƙarƙashin haɓa. Yana da kyau, shi ya sa masu koyo ke zuzuta shi. Amma komai haskensa yana cikin inuwa, bai taɓa kai hasken kunci ba.

Inuwa a sa ta sirara, haske a sa shi da kauri. A fentin mai, shafin ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi mai, domin idan na sama ya riga na ƙasa bushewa tsagewa zai yi. Ka ajiye launi ka bar shi. Yawan murza buroshi a wuri ɗaya yana mayar da komai taɓo.

Yanayinmu yana da nasa sharaɗi. Fentin akirilik, wanda ake tsinkawa da ruwa, yana bushewa a kan faranti cikin mintuna a watan Afrilu. Ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a faranti, ka rufe shi da takarda, ka haɗa launi a kai, ka kuma sani yana ƙara duhu idan ya bushe. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki, kuma da hunturu ƙura ce abokiyar gabarsa. In ka tashi aiki ka jingina katakon fuskarsa na kallon bango, ko ka kifa masa kwali.

7. Gefe, ido da baki

Ka bi gefen fuskar a aikin gwanin da yatsa. Wani wuri yana da kaifi, wani wuri ya yi laushi, wani wurin ya narke cikin duhun baya har ba ka iya cewa ga inda kunci ya ƙare. Wannan shi ke sa kai ya zama mai zagaye. Wanda ya zagaye fuska da baƙin layi ɗaya ya mayar da ita faifai.

Sai yanzu siririn buroshi zai fito. Farin ido ba fari ba ne, fatar ido ta sama tana jefa masa inuwa. Ɗigon haske ɗaya ya isa a kowace ƙwaya, kuma duka biyun su kasance a gefen da haske ya fito. Gashin ido ba a ƙirga shi. A baki, layin da ke tsakanin leɓɓa da kusurwoyinsa biyu su ne ke ɗauke da halin mutum. Motsi kaɗan a nan yana mayar da mai natsuwa mai fushi.

8. Gwadawa

Ka jera naka da na gwanin, ka dube su ta madubi. Idon da ya saba da kuskure zai gan shi sabo. Ka juya su duka biyu kai a ƙasa. Ka ɗauki hotonsu da waya ka mayar baƙi da fari, nan take za ka ga inda haskenka ya yi yawa. Idan ka gano ido ɗaya ya hau sama, ka kankare shi ka sake, ko da ya fi komai kyau a aikin.

9. Bayan an gama

Gidan tarihi na Louvre a Paris har yau yana barin masu koyo su kafa allonsu su kwafi ayyukan magabata, bisa sharaɗin girman kwafin ya bambanta da na asali, kuma kada a kwafi sa hannun mai aikin. Ka riƙe wannan ladabi. A bayan katako ka rubuta sunan gwanin, da cewa kwafi ne na koyo, da sunanka da shekara. Idan aikin mai zanen da ke raye ne, ko wanda bai daɗe da rasuwa ba irin Ben Enwonwu, haƙƙin mallaka yana kansa, ba a sayar da kwafinsa. Banish, wato shafin sheƙi na ƙarshe, kada ya hau fentin mai sai ya yi kamar wata shida.

Sannan ka kife hoton gwanin ka sake zana shi da ka, ƙarami. Abin da ka manta shi ne abin da ba ka fahimta ba tukuna, sai ka koma ka duba wurin.

Daga nan sai mutum mai rai. Ka fara da na gida: kawunka, ko maƙwabcinka manomin albasa, ko masuncin da ka sani a bakin dam ɗin Goronyo. Ka nemi izininsa a fili, ka gaya masa inda hoton zai tafi. A wannan hali na rashin tsaro da gabashin Sakkwato ke ciki, wanda aka gani yana ɗaukar hoton mutane a kasuwa ba izini ana iya ɗaukarsa infoma, kuma wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Mace kuwa sai da yardarta da ta mutanen gidansu.

Ka zaunar da shi a zaure kusa da ƙofa, haske ya zo masa ta gefe ɗaya kamar yadda ka gani a aikin da ka bi, ka rataya duhun zane a bayansa. Ka bi matakan nan a jere. Idan yana da tsagar gado a kunci, irin ta Gobirawa, ka bar ta sai ƙarshe, ka sa ta da sauƙin hannu tana bin tudun ƙashi, don in ka fara da ita za ta cinye fuskar. Dattijo ba ya iya zama shiru fiye da minti 20, ka riƙa ba shi hutu. In kun tashi ka yi wa ƙafafun kujera alama da alli a ƙasa, ku yi alkawarin gobe a daidai wannan lokaci, domin hasken hantsi da na la'asar ba launi ɗaya suke ba fata ba.